A rubuta wa kansiloli hutun haihuwa a cikin doka

Assalamu alaikum Malam Edita,

Don Allah a ɗan ba ni fili in yi magana kan kansilolinmu, saboda duk sanda aka taɓo zancensu zagi ne kawai, wai ba abin da suke yi sai karɓar albashi. Akwai marasa kirki a cikinsu, ban musa ba. Amma ni matar tsohon kansila ce a nan Zariya, daga cikin gida na ga aikin nan, kuma wallahi aiki ne da ba shi da lokacin tashi.

Ciyaman yana da ofis a sakatariya, yana da masu tsaron ƙofa. Kansila kuwa zauren gidansa ne ofis ɗinsa. Tun kafin a dawo daga sallar asuba mutane sun cika tabarma, wannan ya zo da takardar magani, wancan taransifomar layinsu ta ƙone, wata an koro ɗanta daga makaranta, ga masu suna da masu biki, da damina kuma kwalbati ta toshe ruwa ya shiga ɗakunan mutane sai a bugo masa waya ƙarfe biyun dare kamar shi ya saukar da ruwan. Lokacin da na haihu ina cikin wankan jego, jikina bai ma dawo ba, ni ce mai aika shayi zaure, shi kuma maigidan ko ranar suna ana gama raɗa wa yaro suna ya wuce mitin, don in bai je ba za a ce ya raina mutanen da suka zaɓe shi.

To wannan namiji ke nan fa. Yanzu a ce mace ce kansilar, ita ce mai cikin, ita ce mai jegon, ita ce mai shayarwa, ya za ta yi?

Ƙaramar hukumar Zariya mazaɓu 13 gare ta, irin su Kwarbai, Kaura, Limancin Kona, Gyallesu, Tudun Wada, Tukur Tukur har su Dutsen Abba da Wuciciri, kuma a kowacce mata ne ke cika layi ranar zaɓe, tun safe suna tsaye da goyo a baya. Amma in mace mai ƙananan shekaru ta ce za ta yanki fom, abin da ake fara jefa mata shi ne "in kin haihu wa zai zauna miki?" Na ji an faɗa wa wata malamar firamare haka a gabana, yarinya mai hankali da sanin unguwa, tun daga ranar ta janye. Abin ya ƙona min rai, a garin da ya fitar da Hajiya Gambo Sawaba, wadda ta sha ɗauri ba sau ɗaya ba saboda mata su samu 'yancin jefa ƙuri'a, 'yancin da matan Arewa ba su samu ba sai a shekarun 1970.

Kuma ai ba sabon abu muke nema ba. Tun 2019 gwamnatin jihar Kaduna ta mayar da hutun haihuwa wata shida ga ma'aikatanta mata domin jariri ya samu nonon uwa zalla kamar yadda likitoci ke cewa. Gwamnatin tarayya ma a 2021 ta amince da kwana 14 ga ma'aikatanta maza in matansu sun haihu. Na san za a ce kansila ba ma'aikaci ba ne, zaɓaɓɓe ne, ba zai yiwu a bar mazaɓa ba wakili ba. Gaskiya ne, amma ai wannan abin a zauna a tsara ne. A rubuta cewa in kansila ta haihu tana da hutu da cikakken albashinta, kar a lissafa mata rashin zuwa zaman majalisa a matsayin fashi, kar wani ya fake da shi ya kawo maganar dakatar da ita. Kansilan mazaɓar da ke kusa ya riƙa gabatar da koken mutanenta, in za a kaɗa ƙuri'a kan kasafin kuɗi a bari ta shiga ta waya. Namiji shi ma a ba shi ko sati biyun nan, ya ga iyalinsa har a wuce suna.

Sai kuma ofis. Tunda Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yulin 2024 cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, a cire ɗan abin da za a kama wa kowane kansila ɗaki ɗaya a mazaɓarsa, da teburi da benci da lokacin ganin jama'a, don mace ba za ta iya tara maza a ƙofar ɗakinta da asuba ba, mijinta ma ba zai yarda ba.

Majalisar dokokin jiha ce ke yin dokar ƙananan hukumomi, saboda haka 'yan majalisarmu na Zariya da Sabon Gari nake roƙo su kai wannan magana Kaduna, a gyara kafin a sake buga gangar zaɓen kansiloli.

Na gode.

Mai karatunku a kullum,
daga Tudun Wada, Zariya