Yaya, ka gaya wa Inna fenti nake yi

Nurembag, Jamus
Lahadi, 23 ga Nuwamba, 2025

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya kamar yadda nake lafiya. Ina gaida Inna, ina gaida Gwaggo da jiki, da iyalinka da yara, da duk mai tambayata a Birnin Zinder. Wannan takarda ka zauna ka karanta wa Inna da bakinka, tun daga sama har ƙasa, kada ka tsallake komai, kuma kada ka ba yaro ya karanta mata. Na zaɓi rubutu ne don in na ji muryarta a waya ba na iya ƙarasa magana.

Maganar da ta iso ni ta hana ni barci kwana uku. Wai ana yawo da ita a unguwa cewa na bar salla, na shiga coci, gumaka nake sassaƙawa ana biyana. Har an ce Inna ta ƙulle kuɗin watan jiya a bakin zane, ta ƙi taɓawa sai ta ji daga malam. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Duk a kan hoto guda da abokin aikina ya sa a Facebook, ina tsaye gaban bishiyar Kirsimeti da buroshi a hannu. Na san bakin da maganar ta fito, kai ma ka sani, ba zan kira suna ba don darajar zumunci. Amma ka gaya wa matar Kawu idan tana da tambaya lambata tana wurinka.

Ga abin da nake yi, don Inna ta ji daga bakina. Ƙaramin wurin sana'a ne a bayan gari, na wata dattijuwa da ɗanta, mu biyar ne ma'aikata. Kayan ado muke yi wa fenti, waɗanda mutanen nan ke ratayawa a bishiya lokacin bikinsu. Akwai na katako, ƴan faya-fayai kamar murfin gwangwanin tumatir, da taurari, da ƴan gidaje. Akwai kuma ƙwallaye na gilashi, girman lemun zaƙi, marasa nauyi kamar ɓawon ƙwai. Na katakon sai na goge su sun yi sumul, in shafa farin fenti a matsayin shimfiɗa, in bar shi ya sha iska, sannan a hau launi. Fentin sunansa akirilik. Da ruwa ake sirka shi, babu warin fetur irin na masu fentin ƙofa a kasuwar Dole, kuma cikin kamar minti goma sha biyar ya bushe. Alherinsa ke nan, kuma wahalarsa ke nan: idan ka yi kuskure yana ɗanye, tsumma mai laima ya isa, amma da ya bushe ya zama kamar roba, ko a riga ya ɗiga ya zauna ke nan. Buroshi kuwa in ka ajiye ba ka wanke ba ka tafi cin abinci, ka dawo ka tarar ya sandare, sai shara. Ja yakan so shafi biyu kafin ya rufe, ruwan zinari wani lokaci uku. A ƙarshe mu shafa man sheƙi, mu zura zare.

Na gilashin su ne masu cin rai. Sai an goge su tas don ko maiƙon yatsa yana hana fenti kamawa, sannan a soke su a tsinke, hannun hagu yana juyawa, na dama yana zane. Ɗige-ɗigen ƙanƙara da kan tsinken sakace nake yin su, ɗaya bayan ɗaya. Satin farko na fasa shida. Yanzu sai in yi wata ban fasa ko ɗaya ba. Daga wani ƙauye ake kawo mana su, Lawsha, cikin dazuzzukan arewa da nan, inda ake hura gilashi da baki tun 1597. Mutanen can suna ba da labarin cewa wani talakan mai hura gilashi ne ya rasa kuɗin tuffa da ƴaƴan itacen da za a rataya wa yara a bishiya, sai ya hura musu na gilashi. Da dattijuwar ta ba ni wannan labari, Baba na tuna, shekarar da ya ɗinka mana rigunan salla daga tsohuwar babbar rigarsa.

To, maganar gumaka. Wallahi Yaya, hannuna bai taɓa zana fuska ba. Tun ranar da aka ɗauke ni na gaya wa matar ni Musulmi ne, ba na zanen mutum ko mala'ika ko gicciye. Ta ce ba damuwa, akwai wata ƴar Folan da ke wannan. Nawa taurari ne, da ganye, da gidaje, da ƙanƙara. Na je na sami limamin masallacin da muke Juma'a, Baturke ne, na kwashe komai na gaya masa, ya ce in tsaya a kan iyakar da na sa wa kaina, in kuma ci gaba da neman wani aikin idan zuciyata ba ta kwanta ba. Ba zan ɓoye muku ba, na san akwai malaman da suka fi haka tsanani, kuma ni ma wani dare nakan yi ta juya abin a raina. Amma bikinsu ban yi, giyar da suke dafawa da zafi a kasuwa ban taɓa kai ta baki ba, naman aladen da suke gasawa ko kusa ban zuwa. Sallata biyar tana nan. A ɗakin ajiyar kwalaye nake shimfiɗa darduma, kuma ɗan matar da kansa ya matsar da kaya don in sami wuri. Yanzu rana gajera ce, kafin huɗu da rabi ta faɗi, Azahar da La'asar da Magariba duk a wurin aiki suke riskata. Tun ƙarshen Oktoba da suka mayar da agogo baya, lokacinmu ɗaya da naku. In Inna ta ga ƙarfe biyar na yamma, ni na riga na yi Magariba.

Akwai abin da nake so Inna ta sani, ko zai sanyaya mata rai. Wata rana an rage fenti shuɗi da fari, ina zaune lokacin hutu, sai na ɗauki faifai guda na zana dagi, irin wanda Baba, Allah ya jiƙansa, ya yi a saman ƙofar zauren gidan Liman, wanda nake miƙa masa kwaɓi ina yaro. Ban yi don kowa ba. Dattijuwar ta ɗauka ta daɗe tana juya shi, ta tambaye ni mene ne. Na nuna mata hotunan gidajen Birni a waya, na ce wannan aikin ubana ne da iyayen gidansa. Yanzu ta sa na yi guda ɗari biyu, shuɗi da fari, da ja da ruwan zinari, kuma a bayan kowanne an rubuta Zinder. Ranar Juma'a mai zuwa, 28 ga wata, za a buɗe babbar kasuwar Kirsimeti ta garin nan, a dandalin tsakiyar gari, rumfuna na katako masu rufin yadi ja da fari, ana ci har 24 ga Disamba, mutane daga ko'ina cikin duniya. Zanen Baba zai rataya a can. Da yana raye ban san me zai ce ba, amma na san hannunsa ne a hannuna, kuma shi ma ai ya yi wa wanda ba Musulmi ba gini, ya karɓi ladansa.

Yanzu maganar kuɗi, ka buɗe kunne. Jiya na turo Yuro 450, da sunanka, ba da sunan kowa ba. Canjin Yuro da sefa ba ya motsi, Yuro ɗaya sefa 655 da ɗan ɗori, saboda haka jika 295, wato sefa dubu 295, da ƴan canji za ka karɓa, kada wani ya ce maka kuɗi ya faɗi. Jika 100 a sayi hatsi yanzu da ake kaka, kada a jira, azumi zai kama wajen tsakiyar Fabrairu kuma ka san yadda kasuwa take yi in ya matso. Jika 70 na rufin ɗakin Inna ne, a canza azarar da ta ruɓe a gyara indararo, ba na so damina ta sake samunta tana tara kwanoni. Jika 50 na makarantar Auta. Jika 40 maganin hawan jinin Inna na wata uku, a saya a kantin magani, ba a tebur ba. Jika 35 da suka rage ka kai wa Kawu cikon bashinsa, a gaban shaida, don a rufe wannan babi. Kuɗin da Inna ta ƙulle kuma ta kwance ta ci, guminta ne, ita ta haife ni.

Kada ko dala ta shiga hannun ƙaninmu. Na faɗa a watan takwas, ba a ji ba, aka ba shi kuɗin rufi wai zai gyara babur ya yi kabu-kabu, yau ba babur ba rufi. Yanzu kuma ina jin wai yana tara kuɗin Agadas. Tun da aka soke dokar nan ta hana safarar baƙin haure a ƙarshen 2023 kowane yaro ya ɗauka hanyar Libiya ta zama titi. Ka zaunar da shi. Ni na bi ta, na ga abin da na gani tsakanin Dirku da Saba, ban taɓa ba ku labari ba kuma ba yau zan fara ba. Ka ce masa in ya kama sana'a ta gaskiya a gida, ni zan saya masa kayan aiki da hannuna. In ya kama hanya kuwa, kada ya kira ni daga Libiya. A'a, kada ka gaya masa wannan ta ƙarshen, ɓacin rai ne. Ka dai hana shi.

Ni lafiyata lau. Sanyi akwai, amma ɗaki da ɗumi, kuma na sami riga mai kauri. Idona yakan yi yaji da yamma saboda ƙananan zane, sai wuya da ke ɗan riƙewa, ba wani abu ba ne. Ana biyana Yuro 12.82 a awa, shi ne mafi ƙarancin da doka ta yarda a ba ma'aikaci a bana, kuma daga Janairu zai koma 13.90. Kada a buga lissafi a kan wannan a ce na yi arziki, kafin ya iso hannuna an cire haraji da kuɗin asibiti, ɗaki kuma ya cinye kusan rabi. Sannan aikin na lokaci ne. Da an wuce 26 ga Disamba kasuwa ta mutu, Janairu da Fabrairu sai dai ƴan awoyi, har a fara fentin ƙwai na bikin Ista. Shi ya sa nake nanata maganar hatsi. A waɗannan wata biyu abin da zan turo ba zai kai wannan ba, ku yi tattali.

Shekara tara ke nan ban ga Inna ba. Gwaggo ta kwanta ba na nan, an aurar da ƙanwarmu ba na nan, an yi sunan ɗanka na uku a waya na ji. Kai ke ɗauke da gidan, na sani, kuma in na yi maka faɗa a kan kuɗi ka yi haƙuri, nisa ne ke sa mutum zargi. Takarduna suna tafiya daidai, in Allah ya yarda ba za a daɗe ba.

Akwai wani ɗan Maradi da zai taho gida tsakiyar Disamba. Zan ba shi faifai uku masu dagi, da man zafi na gwiwar Inna, da takalman Auta lamba 38. Ɗaya faifan na Inna ne, ta riƙe a hannunta ta duba da kyau ko akwai gunki a jiki. Ɗaya naka. Na ukun ka kai wa Liman, ka ce daga ɗan magininsa, kuma ina roƙon addu'a. In mutumin zai dawo a ba shi kuka da daddawa da yaji, a ɗaure da kyau cikin leda biyu, kada a sa kilishi, ba a barin nama ya shigo.

Da ka karɓi kuɗin ka kira ni, bayan Isha'inku ina gida. Hatsi tukuna, sannan rufi. Kuma ka sa Inna a waya, ko ba za ta ce komai ba.

Ƙaninka.