Godiya ga Hajiya mai shagon gyaran gashi a Aboabo

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Hajiya, bayan gaisuwa da fatan alheri gare ki da yaran shagonki baki ɗaya. Godiyar da na yi miki baki da baki ba ta ishe ni ba, shi ya sa na rubuta wannan a inda matan zangonnin Kumasi za su gani, daga Aboabo da Asawase har Tafo. Yaba kyauta tukuici ne, kuma abin da kika yi wa ɗiyata ya fi ƙarfin tukuicin da ke hannuna.

Ga waɗanda ba su san zancen ba, ɗiyata ce ta fari. An sa ranar aurenta, sai gashin tsakar kanta ya kama karyewa. Gefe da ƙeya lafiya lau, har kafaɗa, amma in ta cire ɗankwali sai a ga tsakiyar ta koma guntu-guntu, ko gaɓar yatsa ba ta kai ba, ta bushe ƙayau. Shagon da take zuwa a da, kusan kowane wata sai sun shafa mata rilaksa, wato man miƙar da gashi, tun daga tushe har baki. Yarinya ta zo wurinki da hawaye, tana roƙon a ƙara shafawa ko gashin ya kwanta ya rufe wurin kafin biki.

Kika ƙi, kuma ƙin nan shi ne babban abin da nake gode miki a kai. Kuɗin yana hannunta, babu wanda zai ga laifinki da kin karɓa.

Na ga yadda kika tsaga gashin da wutsiyar mataji, kika kakkaɓe guntayen a kan farin tawul, kika nuna mana cewa babu ko ɗaya mai ɗan farin kai a gindinsa. Wato ba daga tushe yake zubewa ba, a hanya yake karyewa. Sannan kika jiƙa sili guda kika ja shi a hankali, ya miƙe kamar cingam, bai koma ba, ya tsinke. Daga nan kika zaunar da mu kika yi mana bayanin da ban taɓa ji a wani shago ba. Rilaksa iri biyu ce a kasuwa. Ɗaya da sodar nan ta yin sabulu ake haɗa ta. Ɗayar, wadda ake rubuta wa cewa babu soda, ita ma ƙarfinta bai da wasa, kuma tana barin wani gari a jikin gashi da ke busar da shi. Dukansu aikinsu ɗaya, su tsinka abin da ya riƙe murɗin gashi daga ciki, kuma abin da ya tsinke ba ya sake haɗuwa. Gashin mutum kuwa wajen santimita 1 yake ƙaruwa a wata. To in an dawo bayan wata guda, ina sabon tohon da za a shafa wa mai ba tare da ya hau kan tsohon ba? Shi ya sa kika ce a bar sati 8 zuwa 12 tsakani, kuma sabon toho kaɗai ake taɓawa.

Da na tambaye ki me ya sa tsakar kai ce ta fi shan wuya, kika ce masu gyara da yawa daga nan suke fara shafawa, don haka man ya fi daɗewa a wurin. A nan ne kuma ake tattara gashi a ɗaure da roba, nan ɗankwali ke goga wuni guda, nan zafin na'urar busar da gashi ke sauka kai tsaye.

Ba ki yi mana alkawarin ƙarya ba. Kin faɗa mana gaskiya cewa wanda ya karye ya karye, aikin da ya rage shi ne a tsayar da ɓarnar a kuma yi renon sabon da ke fitowa. Kika datse bakin da ya tsattsage, kika sa maganin ƙarfafa gashi mai furotin, kika bi shi da mai laushi da turiri don kada ya sandare. Sauran aikin kika ɗora wa yarinya a gida: mataji mai manyan haƙora, man kaɗen da ake kawowa daga Tamale kaɗan-kaɗan a kan gashi mai ɗan danshi, hular satin a ƙarƙashin hijabi, kuma ta daina rufe kai da jiƙaƙƙen gashi bayan wanka. Kika hana ta wanke kai da sabulun salo, kika hana kitso mai ɗaurewa da ƙarin gashi a tsakiya, musamman da yake hunturu ya kawo jiki. Mayukan tohon gashi da ta kwaso a kasuwar Kejetia kuwa, kika juya kwalaben ɗaya bayan ɗaya kina neman lambar rajistar hukumar kula da abinci da magunguna ta FDA, waɗanda babu kika ce ta zubar.

Akwai wani abu da nake so 'yan'uwana mata su ji da kyau. Da yarinya ta ce wurin yana mata ƙaiƙayi da ɗan zafi, nan take Hajiya ta ce wannan kuma ba aikinta ba ne, mu je mu ga likitan fata a asibitin Komfo Anokye. Ashe akwai wata cutar fatar kai da ta fi kama mata baƙar fata, daga tsakar kai take farawa tana faɗaɗa, in ta yi tabo gashi ba ya sake fitowa a wurin har abada. Mun je, aka duba, alhamdu lillahi ba ita ba ce. Amma mai shagon da za ta tura kwastoma asibiti maimakon ta sayar mata da kwalba, a ganina ta cancanci a faɗi alherinta a bainar jama'a.

Yaranki ma sun sha yabo a wurina. Ina zaune na ga wata daga cikinsu tana yi wa wata baiwar Allah rilaksa, sai da ta shafe fatar kan da basilin, ta sa safar hannu, ta ajiye waya tana duba minti, ta kuma wanke da shamfun kashe ƙarfin man har sau da yawa. Wannan tarbiyyarki ce.

An yi biki lafiya, da kitso sassauƙa da ɗauri mai kyau, babu wanda ya san abin da ke ƙasa. Yanzu tsakar kan ta cika da sabon gashi baƙi wuluk mai kauri. Bai kamo sauran ba tukuna, kin dai ce mu yi haƙuri, muna kuma yi.

Allah ya saka miki da alheri, ya yi wa sana'arki albarka, ya raya miki zuri'a. Ƙanwar amarya ta fara maganar rilaksa, na ce mata babu inda za ta sai kin duba kanta tukuna. Za mu shigo bayan Sallah in Allah ya kai mu.

Taki,
Uwar amarya daga Asawase