Bangon bayan murhu ba sai da farin tayil ba

Malam Edita,

Muna roƙon fili a jaridarku mai farin jini domin mu yi magana a kan wani ɗan yanki na kicin da ake yi wa riƙon sakainar kashi, wato bangon da ke tsakanin teburin girki da kabad ɗin sama. Mu masu aikin tayil da gilashi ne, kuma abin yana ci mana tuwo a ƙwarya. Tsayin wurin bai cika wuce santimita 45 zuwa 60 ba, amma a kansa ido ke fara sauka. Yawanci farin tayil ake jerawa a wuce. Masu son canji kuma sai su ga hoto a intanet su kwaikwaya, ba tare da sun tambayi abin da ke bugun bangon ba. Bayan murhu zafi ne da fantsamar mai, bayan wurin wanke-wanke ruwa ne, sauran kuwa kusan a bushe yake. Babu dokar da ta ce kaya iri ɗaya ne zai rufe duka ukun.

A bayan murhu, mun fi son gilashi mai fenti ta baya. Ba shi da layi ko ɗaya da maiƙo zai maƙale, tsumma ɗaya ya ishe shi. Sai dai dole ya zama gasasshen gilashi, wato wanda ake gasawa a masana'anta bayan an yanka shi an huda domin ya ƙara ƙarfi, mai kaurin milimita 6, domin na taga yana tsagewa idan gefe ɗaya ya yi zafi, ɗayan na da sanyi. A nan ake yawan yin asara: gasasshen gilashi ba ya yankuwa, ba ya huduwa. Da an sa masa abin yanka sai ya tarwatse gaba ɗaya. Saboda haka sai an gama kafa kabad da tebur, mai lantarki ya tsayar da wurin kowane soket, sannan a ɗauki awo. A auna tsayi a wurare uku, a ɗauki mafi ƙanƙanta, a rage milimita 2 zuwa 3 a kowane gefe. Wajen mannawa a guji silikon mai warin ruwan khal, domin tsaminsa yana cin fentin baya, tabon ya bayyana ta gaba, kuma ba shi da gyara. A nemi marar tsami, irin wanda ake manna madubi da shi. Wanda ke son fari tas ya nemi gilashi mai ƙarancin sinadarin ƙarfe, in ba haka ba farinsa zai fito da ɗan kore.

Gilashin nan yana buɗe wata ƙofar kuma. Ana iya sa wanda ba shi da fenti a kan takardar ado ta bango, ko yadi mai zane, ko babbar taswira, a ɗaure shi da kusoshi masu hula. Sharaɗin shi ne a toshe gefuna huɗun da silikon, domin tururi in ya shiga baya ba ya fita, sai fumfuna. Wannan na bangaren da babu murhu ne.

Ƙarfen sitenles ma yana jure wuta, shi ya sa manyan gidajen abinci suka riƙe shi. A nemi lamba 304, mai kashi 18 cikin ɗari na kuromiyam da kashi 8 na nikel, kaurinsa kamar milimita 1. Galibi maganaɗisu ba ya kama shi, amma yana kama lamba 430, wanda ya fi saurin tabo kusa da ruwa. Idan ya cika siriri ko bangon bai miƙe ba, zai yi tudu da kwari, haske ya tona asirinsa, don haka a fara manna shi a kan allon siminti. Bilic yana yi masa ƙananan ramuka, soson ƙarfe kuma yana barin ɓurɓushin da ke tsatsa. A goge shi da tsumma mai laushi, ana bin layin jikinsa.

Wanda ya fi burge mu shi ne adon fasassun tayil. Da irinsa mai zanen gine-gine Antoni Gaudí da abokin aikinsa Josep Maria Jujol suka ƙawata dogon bencin lambun Park Güell a birnin Basalona na Sifaniya, wurin da aka gina tsakanin 1900 da 1914, kuma ragowar tayil da ake zubarwa a wurin gini ta isa irin wannan aikin a kicin. A zaɓi launi biyu ko uku kawai, fiye da haka hayaniya ce. A naɗe tayil a tsohon buhu, a sa tabarau na kariya, a fasa da guduma zuwa gutsattsarin santimita 3 zuwa 6, a goge kaifin bakinsu da dutse. Kaurinsu ya zama ɗaya, domin in an haɗa na ƙasa da na bango fuskar za ta yi gargada, tsumma ya riƙa sarƙewa. A fara shirya zanen a ƙasa a kan kwali mai girman wurin. Sannan a shafa gam ɗin tayil da cokali mai haƙoran milimita 6, kada a wuce abin da za a rufe cikin minti 20, domin da ya yi fata ba ya riƙo. A bar tazarar milimita 3 zuwa 5, a jira awa 24 kafin ciko, wato cike layukan da ke tsakanin gutsattsarin.

Cikon nan shi ne ran aikin, tunda fasassun tayil layi ne ko'ina. Farin siminti yana shan mai ya koma ruwan ɗorawa. Cikon ifoksi, wani gam da ake haɗa sinadarai a kwaɓa, ba ya sha, amma yana saurin daskarewa, sai a kwaɓa kaɗan-kaɗan a wanke fuskar nan take, don in ya bushe a kai sai kankara. Wanda bai son fasassu zai iya ɗaukar dogon tayil na yau da kullum ya jera shi a tsaye ko a karkace kamar ƙashin kifi, da ciko mai duhu. Ya dai ƙara kashi 15 cikin ɗari a kan awonsa maimakon 10, saboda yanke-yanken kusurwa.

Marmara kyakkyawa ce, amma lemon tsami da ruwan khal suna kashe mata sheƙi, kuma man kariya ba ya hana hakan, tabon mai kawai yake ragewa. Katako na busasshen bangare ne, a shafe shi gaba da baya da gefuna kafin a kafa, in ba haka ba ya sha danshi ta baya ya kantare. Tayil ɗin roba mai gam a jiki ya dace da ɗan haya, amma muna roƙo kada a kai shi bayan murhun gas: gam ɗin yana saki, robar ta lanƙwashe, wani lokaci ta narke.

Duk wanda aka zaɓa, bango ne zai ɗauke shi. Sabuwar filasta a ba ta kamar mako huɗu ta bushe. Tsohon bango a wanke maiƙonsa, a kankare fentin da ke ɓarewa, a ɗora miƙaƙƙen katako mai mita 2 a gani. Ramin da ya wuce milimita 3 a cike shi. A kashe wuta daga babban makunni kafin a kwance soket, musamman in ƙarfe za a sa, kuma mai lantarki ya duba cewa babu wayar da ke taɓa shi. Layin da bango ya haɗu da tebur kuwa kada a cika shi da siminti. Tebur da bango ba sa motsi tare, simintin zai tsage, ruwa ya bi ta nan ya ruɓar da kabad ɗin ƙasa. A bar milimita 2 zuwa 3, a manna tef sama da ƙasa, a zuba silikon mai maganin fumfuna, a shafe da jiƙaƙƙen yatsa, a cire tef ɗin tun yana ɗanye, sannan a hana ruwa taɓa wurin har awa 24.

Mun gode, Allah ya ƙara wa jaridarku ɗaukaka.

Daga wasu masu aikin tayil da gilashi