Gadar Jirgin Ƙasa Da Ta Koma Lambu A Mancesta

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ɗan fili in ba masu karatu labarin wata gada da nake bi ta ƙarƙashinta kullum in zan tafi aiki, a unguwar Castlefield ta birnin Mancesta a Ingila.

A ƙasa akwai tsohuwar hanyar ruwa ta Bridgewater, haƙar hannu, wadda aka buɗe a 1761 don dawakai su riƙa jawo jiragen kwal daga Worsley. Ruwan a kwance yake, baƙi wuluk, agwagi na ta iyo. A bisansa ga gadar ƙarfe ta jirgin ƙasa, ginin 1892, a kan ginshiƙan da mutum biyu ba za su iya rungume ɗaya ba. Jirgi ya daina bin ta a 1969. Ta yi shekara hamsin da ɗoriya tana tsatsa, amma ba a rushe ta ba. A 2022 ƙungiyar National Trust mai kula da wuraren tarihi ta buɗe lambu a kanta.

Ranar da na hau da 'yata, ta shafa kawunan ƙusoshin ƙarfen tana ƙirgawa. Ni kuwa Funtuwa na tuna, domin audugar da kakanninmu suka noma ta layin dogo ta bi zuwa Legas, ta zo masaƙun wannan yanki.

Don Allah, Malam Edita, ku tura wakili ya dubo mana tsofaffin gadojin dogonmu, tun 'yan gwangwan ba su kwashe su ba.

Naku,
Mai karatu daga Mancesta