Rahoton Kwamitin Sake Gina Katangar Islamiyya

Assalamu alaikum. Kwamiti na sanar da iyayen yara da jama'ar unguwa cewa an kammala katangar gabas ta Islamiyya, wadda ruwan Agusta ya kayar. Tsawonta ƙafa 60, tsayinta ƙafa 7.

Shirin farko na shugaban kwamiti ne: a ɗora bulo mai inci shida a kan tsohon harsashi don a rage kashe kuɗi. An kai layi uku sai birkila ya dakata, ya ce harsashin bai kai zurfin ƙafa ɗaya ba, ga ƙasar wurin laka ce, tana kumbura da damina, ta tsattsage da rani. Wata dattijuwa maƙwabciya kuma ta aiko cewa ruwan indararon ajujuwa a gindin katangar yake kwana. Shugaba bai yi musu ba. Ya sa aka tona a gabansa, ya gani da idonsa, ya faɗa wa kwamiti cewa kuskuren nasa ne, sannan ya sake faɗa a masallaci bayan sallar Juma'a. Aka warware layukan nan uku. Siminti buhu biyu da kuɗin aikin yini guda suka tafi a banza, kuma mun rubuta su a littafi da sunan asara.

An haƙa sabon harsashi ƙafa uku, aka zuba kankare: buhu ɗaya na siminti, kwanon sarki huɗu na yashi, takwas na tsakuwa. Bulo mai inci tara aka koma. Layukan da ke cikin ƙasa an cika ramukansu da kankare. Duk bayan ƙafa goma akwai ginshiƙi mai rodi huɗu na milimita 12, bakwai ke nan. An yi ban ruwa safe da yamma har kwana bakwai, domin kankaren da ya bushe da wuri ba ya ƙarfi. Nan ma sai da leburori suka tuna mana, mu da muke gaggawar shafe.

Shawarar dattijuwar ce ta jawo kwata mai faɗin ƙafa ɗaya a gindin katangar, wadda ke kai ruwa babbar magudana.

Fenti ne ya rage, sai shafen ya gama bushewa. Littafin kuɗi da rasidai suna hannun ma'aji. Wanda ya ga tsaga ko wurin da ruwa ke kwanciya, ya sanar da kowane ɗan kwamiti kafin damina ta faɗi.