Rahoton Ayyukan Shekara: Mabiyiya da Hawan Jinin Masu Juna Biyu

Assalamu alaikum, 'yan uwa mambobi, likitoci da ungozomomi da ma'aikatan ɗakin gwaji.

A babban taronmu na bara mun amince mu keɓe wannan shekara ga hawan jinin da ke tasowa bayan mako 20 na ciki (preeclampsia a Turance), wanda kan kai ga jijjiga, kuma yake shafar kashi 2 zuwa 8 cikin ɗari na masu juna biyu a duniya. Kwamitin ilimi ya zaɓi a faro daga mabiyiya, domin can ne tushen cutar.

Zaman karatunmu na wata-wata ya fi daɗewa a kan wannan. A farkon ciki, ƙwayoyin mabiyiya kan kutsa cikin ƙananan jijiyoyin jinin mahaifa su buɗe su, jini ya riƙa kwarara a hankali kuma a wadace. Idan aikin bai kammalu ba, jijiyoyin suna nan a tsuke, jini ya zo da ƙarfi ya ɗauke, iskar oksijin ta yi ta hawa da sauka. Ƙwayoyin sai su galabaita, har sashen da ke naɗe furotin a cikinsu ya cushe, kamar yadda Graham Burton da abokan aikinsa na Jami'ar Kambirij suka nuna. Galabaitacciyar mabiyiya takan zuba furotin sFlt-1 da yawa cikin jinin uwa, shi kuma ya kama VEGF da PlGF, sinadaran da ke raya bangon jijiyoyi. Daga nan jini ya hau, ƙoda ta fara yoyon furotin, hanta da ƙwaƙwalwa su taɓu. Ananth Karumanchi da tawagarsa a Boston ne suka bayyana rawar sFlt-1 a 2003.

Zaman da ya fi ratsa mu shi ne na ɗakin gwaji. An ajiye mabiyiya biyu a kan tire, ɗaya cikakkiya jajir, ɗaya ƙarama mai farare-fararen tabo masu tauri inda nama ya mutu. Wata ungozoma da ta daɗe a aiki ta taɓa tabon da yatsa, ta ce daga yau ba za ta ƙara zubar da mabiyiya ba sai ta juya ta ta duba.

An yi muhawara mai zafi kan gwajin da ke auna sFlt-1 da PlGF. Binciken PROGNOSIS na 2016 ya nuna cewa idan aka raba adadin sFlt-1 da na PlGF kuma sakamakon bai haura 38 ba, da wuya matuƙa cutar ta bayyana cikin mako guda. Gwaji ne mai amfani, amma yawancin mambobi ba su da na'urarsa. A ganin shugabanni, kada jiran na'ura ya sa mu saki abin da ke hannu. Don haka horon bana ya tsaya kan awon jini daidai, gane awon 140/90 mai nuna hawan jini da kuma 160/110 mai buƙatar gaggawa, da allurar maganisiyam salfet, wadda binciken Magpie na 2002 ya nuna tana rage jijjiga da fiye da rabi. Mun kuma jaddada fara asfirin da wuri ga masu haɗari, tunda a binciken ASPRE na 2017 miligiram 150 a kullum ya rage nau'in wannan cuta da ke sa a haihu kafin lokaci da kashi 62 cikin ɗari.

Ranar 22 ga Mayu mun yi wa mata masu zuwa awo bayanin alamomi: ciwon kai mai tsanani, dishi-dishin gani, kumburin fuska, ciwo a saman ciki.

Inda aiki ya rage shi ne bibiyar uwa bayan haihuwa. Fitar mabiyiya ba ta kawar da haɗari nan take, jijjiga na iya zuwa bayan kwanaki, kuma abin yana damun mu ƙwarai. Muna neman mambobin da za su shiga kwamitin tsara wannan bibiya su ba sakatare sunayensu kafin taro mai zuwa, masu bashin kuɗin ƙungiya kuma su daure su biya.