Zuwa ga mai sunan Baba, kan maganar rejim ɗin nan

Assalamu alaikum mai sunan Baba, da fatan ka tashi lafiya, ya aiki ya zafin Yamai. Mu nan Damagaram lafiya lau alhamdulillahi sai zafi da ɗauke wuta, babanku da ƙannenka duk suna gaishe ka.

Muryar da ka turo min daren jiya sau uku na saurare ta. Ban amsa nan take ba saboda nasan in na fara magana rabin abin da ke raina zai tsere min, shi yasa na bari sai da na gama aikin safe na zauna ƙarƙashin dogon yaron tsakar gida ina rubutawa a hankali, kasan hannuna ba sauri a wayar nan, toh dan Allah ka daure ka karanta har ƙarshe.

Kace ka hau sikeli ka ga kilo 98, kace sati biyu kenan kana rejim, ba ka karyawa da safe, da rana sai ruwa da ƴar gyaɗa, amma da ka taso daga biro ka biyo ta gaban mai shawarma sai ka tsinci kanka zaune da shawarma biyu da firit da Coca mai sanyi, in ka gama kuma sai ka ji haushin kanka, har kana cewa wai kai ba ka da zuciya. Wannan kalmar ita ta hana ni barci. Yaron da ya fara cika azumi tun yana shekara tara cikin zafin Damagaram, ana lallashinsa ya sha ruwa yana ƙi, shi ne za a ce ba shi da zuciya? Kar in ƙara jin ta a bakinka.

Shekara talatin da wani abu na yi ina aikin jinya kafin in yi ritaya, kuma abin da kake yi na gan shi wurin mutane ba adadi. Kai da kanka kake kai kanka wurin mai shawarman nan tun da safe, lokacin da ka fita ba ka sa komai a cikinka ba. Mutumin da ya wuni da yunwa ga gajiya ga zafi, ƙarfe takwas na dare ya biyo inda ake gasa nama ƙamshi na tashi, wlh ko waye shi sai ya tsaya, kuma in ya tsaya ba zai ci kaɗan ba, jiki ramuwa yake yi. Toh abin da nake so ka riƙe a duk wasiƙar nan shi ne kada dare ya same ka da yunwa. In ka gyara safe da rana, daren zai zo maka da sauƙi.

Da safe ka karya da abin da ke zama a ciki. Ƙwai biyu dafaffe, ko kunu ba sukari da yawa, ko ɗumamen tuwo, ko wake. Wake dai ka riƙe shi da kyau, arha gare shi kuma yana daɗewa bai bar ciki ba. Burodi fari da mayonez da shayin madara mai zaƙi na wurin mai shayi kuwa, ƙarfe goma ba ta yi sai ka ji kamar ba ka ci komai ba. Da rana ka ci abinci na sosai, shinkafa da wake ko dambu ko tuwo da miyar kuka ko kuɓewa, amma ka sa ganye ya fi yawa a kwanon, hatsin ya zama kamar dunƙulen hannunka ko ya ɗan fi, ai ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Kwaɗon zogale da ku can kuke ce wa kopto yana ko ina a Yamai, ka ce wa mai sayarwa ta rage mai. Wajen la'asar kafin ka tashi daga aiki ka ci wani abu ko da ayaba ce ko gyaɗa cikin tafin hannu ko nono marar sukari, dan ka hau moto cikinka ba wayam ba.

Sannan hanyar. Ka ce min kullum ta nan kake bi, har mai shagon ya san ka yana ganin motonka yake fara naɗe maka. Canza hanya ɗana. Ko da za ta ƙara maka minti goma da ɗan esansi, bi ta wani titi na wata ɗaya ko biyu, saboda sabo yana da wurinsa da lokacinsa, ido ya gani hanci ya shaƙa sai hannu ya tafi aljihu tun kafin ka yi shawara da kanka. Lambar masu kawowa gida ma ka goge ta daga wayar. Kuma ya zama akwai abin da ke jiranka a ɗaki, dan in ka san firigo ba komai ciki sai ruwa toh dole ka saya a waje. Ranar lahadi ka shiga kasuwar Katako ko Wadata ka sayo tumatir da albasa da kabeji da karas da ƙwai da kifi, ka dafa wake tukunya guda da miya ka raba a robobi. Na koya maka miya tun kana kolej, kar kace min ka manta.

Bari in gaya maka abin da ke cikin abincin nan dan ka san da wa kake kokawa. Gwangwanin Coca ɗaya na santilita 33 akwai sukari wajen giram 35 a ciki, kamar ka ɗauki sukari mai ƙwaya shida ko bakwai ka zuba a kofi ɗaya. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, cewa ta yi babban mutum kada ya wuce kamar giram 50 a wuni, in ya tsaya a 25 ma ya fi. Kaga gwangwani biyu ka riga ka tsallake, kuma abin takaicin shi ne abin sha ba ya ƙosarwa, ka sha ka kuma ci abincinka daidai yadda ka saba. Shi kuma mai, giram ɗaya kalori 9 ne, na sitacin hatsi da na furotin ɗin nama 4, babban cokali ɗaya na mai ya kai kalori 120, mayonez kuwa kusan duk mai ne aka kaɗa da ƙwai. Dankalin turawa in an dafa shi ba ruwansa, sai ya shiga kasko ya sha mai yake zama wani abu. Ga gishiri, OMS ta ce kada ya kai giram 5 a wuni, ƙaramin cokalin shayi kenan, amma tsakanin firit da naman shawarma da ɗan ƙullin da ke cikin indomi da magi sai ka wuce ba ka sani ba, daga nan tansiyo, wato hawan jini, ke farawa.

Akwai wani gwaji da aka yi a Amurka a 2019 da ya tsaya min a rai. An ajiye mutum 20 a asibitin bincike wata guda, sati biyu ana ba su abincin kamfani irin na leda da gwangwani, sati biyu kuma abincin da aka dafa daga kayan miya da hatsi da nama yadda Allah ya yi su, aka ce kowa ya ci iya son ransa. A satin abincin kamfani sai da suka riƙa cin ƙarin kalori kusan 500 kullum ba tare da sun lura ba, suka ƙara kusan kilo ɗaya, a ɗaya satin biyun kuma suka rage kusan haka. Mutanen su ne dai ba a canza su ba, abincin aka canza. Irin wannan abinci laushi gare shi, ba ya son tauna, kafin ciki ya aika wa kai cewa ya isa ka riga ka gama da na biyu, shi yasa nake ce maka ka zauna ka ci a hankali, ka ajiye waya, ka ba shi kamar minti ashirin. Ai mu an riga an koya mana, Annabi SAW ya ce kashi ɗaya na abinci, ɗaya na ruwa, ɗaya na numfashi.

Sai maganar fada. Nasan ba za ka bar abokanka ba kuma ban ce ka bar su ba, zumunci ne. Amma shayin nan na fada ka taɓa tsayawa ka kalli sukarin da ake zubawa a buta? Na farko, na biyu, na uku, wani lokaci a sake ɗorawa har sha biyun dare. Ka sha na farko ka ce alhamdulillahi, ko ka ce a zuba maka naka kafin a sa sukari. Za su yi maka dariya kwana biyu su ce ka zama tsoho, daga baya su saba, wataƙila ma wani ya bi ka. Kuma daren da kake rabawa yana cikin matsalar, wanda bai samu barci ba washegari yunwarsa ta fi yawa kuma zaƙi da maiƙo ransa ke so. Nemi awa bakwai.

Yanzu abin da ya sa nake ta wannan dogon rubutu. Kai ba ka san mai sunanka sosai ba, kana ƙarami ya rasu, Allah ya jiƙansa. Baba mutum ne mai jiki, a unguwarmu ta Birni in ya fito da babbar riga kowa sai ya ce Alhaji hutu ya karɓe ka, mu ma muna jin daɗi, a lokacin ƙiba alamar wadata ce. Ciwon sukari ya daɗe a jikinsa ba wanda ya sani, sai yawan shan ruwa da tashi fitsari cikin dare, muna cewa zafi ne. Ranar da na gane, na zo gaishe shi ne na ga ƙudaje na bin ɗan yatsan ƙafarsa, na duƙa na cire takalmin na ga ƙusa ta huda shi ta yi kwanaki, shi bai ma ji ba, ƙafar ta daina jin zafi. Ni da nake aikin asibiti ina duba ƙafafun mutane ban duba ta ubana ba. Wata takwas ina wanke ciwon nan safe da yamma, allurar insulin ɗinsa muna sa ta a leda mu ajiye cikin jiƙaƙƙen yashi gindin randa saboda ba mu da firigo. Har yau in na tuna sai in ji wani abu ya tokare min ƙirji.

Kuma ni ma ina da nawa laifin a kanka, gara in faɗa. Kana yaro in ka yi kuka fanke nake saya maka, in ka ci jarrabawa lemun kwalba, in baƙi suka ce yaron nan ya murje sai in ji daɗi. Ni na koya maka cewa daɗi da lallashi a abinci suke. Ka yafe min wannan.

Ba dan in tsorata ka na kawo maganar Baba ba, ciwon nan yana bin jini ne, kuma kai yanzu kana da lokacin da shi bai samu ba. Satin nan ka je asibiti da safe kafin ka ci komai a auna maka sukari, in ya kai giram 1,26 a lita ko ya wuce za su ce ka sake, in ya maimaita toh sai a fara kula. A auna tansiyo ma, kada ta riƙa kai 14 bisa 9. Ka turo min hoton takardar in gani da idona. A gida kuma ka samu igiya ka auna tsawonka daga kai zuwa ƙafa, ka ninka ta biyu ka zagaya cikinka wajen cibiya, in bakin igiyar bai haɗu ba toh tumbin ya wuce inda ya kamata. Wannan ya fi hawa sikeli kullum safe kana tada hankalinka, sikeli sau ɗaya a sati ya isa.

Kar ka sa wa ranka sai ka zubar da kilo ashirin kafin Sallah. Rabin kilo zuwa kilo ɗaya a sati shi ne mai ɗorewa, sannu ba ta hana zuwa. A nauyinka ko kilo 5 zuwa 10 ka rage za ka ga sukari da tansiyo sun sauka, gwiwa ma ta huta. Tafiya minti 30 kwana biyar a sati, bayan asuba kafin rana ta buɗe, ko da yamma ka je wajen filin wasa na Seyni Kountché inda mutane ke zagayawa. Azumin litinin da alhamis in za ka yi ka yi shi dan Allah, da sahur ɗinka, kuma in an sha ruwa kar a rama da soye-soye.

Shayin rage ƙiba da ƙwayoyin da ake talla a Facebook da TikTok dan girman Allah kar ka kusance su. Yawancinsu gudawa da fitsari suke sa mutum, ruwan jiki ne ke fita sikeli ya nuna ka ragu, kitsen na nan inda yake, ga wahalar da ƙoda a banza.

Shawarmar ma ban ce ka rabu da ita har abada ba, dan in nace haka ranar da ka ci sai ka ce shikenan rejim ya lalace ka koma gidan jiya. Ka ware rana ɗaya a sati, guda ɗaya, ba firit, mayonez kaɗan, da ruwa. In kuma ka zame wata rana ka ci fiye da haka, washegari ka tashi ka karya kamar kullum, kar ka ce za ka wuni da yunwa dan ka biya bashi, nan ne ake komawa cikin ramin. Kai da bakinka kace jika biyu da rabi kake kashewa duk dare, kwana biyar a sati, ka lissafa jika hamsin kenan a wata. Ka riƙa ware kuɗin gefe kana kallonsu suna taruwa, ga maganar aure na tafe.

Jibi in sha Allahu zan ba da saƙo a mota, akwai busasshen zogale da kuka da kuɓewa da daddawa da wake tiya biyu, da garin kunu na gero da na sa aka yi maka da citta da kanumfari, sai ɗan kilishi kaɗan, shi ma kar ka cinye a zama ɗaya gishiri gare shi. In motar ta taso zan turo maka lambar direban. Ka kira ni ranar juma'a bayan masallaci ka gaya min abin da awon ya nuna. Allah ya yi maka albarka, ya tsare min kai.

Mamanka